Ranar da farin launi ya ɓace min a kan sitika

Ƙanwata tela ce. A kan kantar da ke gefen kekenta akwai kwalaben gilashi ashirin da huɗu, girmansu ɗaya, murafensu ɗaya, a ciki take zuba ƙananan kayan aiki: maɓallai, duwatsun ado, allurai, fil, ƙugiyoyin riga da sauran tarkace. Da can farar takarda take yankawa, ta rubuta suna da biro, ta liƙa da salatif. Ba a wata biyu takardar ta yi dauɗa, gefenta ya ɗago, ga shi kuma ta tare abin da ke cikin kwalbar. Wata rana ta same ni ina buga wasu takardu, ta tsaya tana kallon firintar, can ta ce, "Yaya, ka yi min sitika mana. Amma ba mai farin baya ba, irin garau ɗin nan da ake hango abin da ke bayanta. So nake a ga rubutun kamar a jikin gilashin aka zana shi." Na ce mata an gama. A raina aikin yamma guda ne. Sai da na kwana tara a kansa, takarda bakwai ta salwanta, kafin kwalba ta farko ta fito yadda take so.

Abin da ake kira takardar sitika garau, in ka duba da kyau, leda ce. Hawa uku gare ta: ledar sama wadda ake bugawa a kai, sai gam a ƙarƙashinta, sai takardar baya da aka shafe da silikon don kada gam ɗin ya kama ta. Lakabin da ke zuwa da gam a jikinsa ba sabon abu ba ne, wani Ba'amurke mai suna R. Stanton Avery ya fara yin sa tun 1935 a Los Angeles. Sabon abu shi ne yau mutum yana iya buga nasa a kan teburinsa.

Kafin na saya sai da na tabbatar da irin firintata, don ledar iri biyu ce. Firinta mai fesa tawadar ruwa tana buƙatar leda mai wani shafi a samanta wanda ke tsotse tawadar, in babu shi tawadar kwanciya kawai za ta yi ta ƙi bushewa. Ita kuwa firintar leza garin tawada take ɗorawa, ta gasa shi da zafin da ke kusantar digiri 200. In aka saka mata ledar da ba ta jure zafi, tana iya narkewa ta nannaɗe a ciki, gam ya ɓata injin. Tawa mai fesawa ce, don haka na sayi wadda aka rubuta a kwalinta cewa ta irin wannan firintar ce. Wannan mataki kaɗai ne ban yi tuntuɓe a kansa ba.

Na zauna na tsara zanen a manhajar Inkscape. Shafin A4 ne, milimita 210 a faɗi, 297 a tsayi. Kowace sitika santimita 6 da 4, goma sha biyu a shafi, wato shafi biyu sun ishi kwalaben duka. Na sa suna a tsakiya da siririn rubutu shuɗi, na kewaye shi da farar zobe, a gefe na ɗora wata 'yar fure mai ganye ruwan hoda da farin tsakiya. Hoton furen na tabbatar yana da ɗigo 300 a kowane inci, domin in ya gaza haka gefensa yakan fito da tsani-tsani. Wani abu ƙarami ya tsayar da ni a nan: salon rubutun da na fara zaɓa ba shi da ɓ da ƙ, sai "Maɓallai" ta fito da harafi ɗaya baƙo a tsakiyarta, ya fi sauran kauri. Na koma salon Noto Sans, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa duka. Wanda zai buga Hausa ya duba wannan tun a kwamfuta, ba sai leda ta fito ba.

Shafin farko ya fito da kyau ƙwarai. Na ɗaga shi ina dubawa, ga shuɗin, ga ruwan hodar, ga farar zoben tas. Na yanko guda ɗaya da almakashi, na ɓare ta daga takardar baya, na manna a kwalbar maɓallai.

Zoben ya ɓace. Ba dusashewa ya yi ba, babu shi kwata-kwata. Tsakiyar furen ya zama rami, ta cikinsa kana hango maɓallin da ke baya. Ruwan hodar nan da ke ɗaukar ido a kan shafi ya koma kamar tabon ruwa. Rubutun kuma, tunda maɓallan baƙaƙe ne, sai ka karkata kwalbar wajen taga kafin ka gane akwai shi. Ƙanwata ta juya kwalbar a hannunta, ta ce, "Yaya, ina farin ya shiga?" Na mayar da sauran sitikun kan takardar bayansu na sake dubawa, nan take na ga amsar. Farin da nake gani tun ɗazu ba na sitika ba ne, na takardar baya ne. Da na ɓare ta, sai ya tafi da ita.

Firintar gida launi huɗu gare ta: shuɗi mai haske, ja mai ratsin hoda, rawaya da baƙi, waɗanda ake taƙaitawa da CMYK. Babu fari a cikinsu. Duk inda ka sa fari a zanenka, abin da firinta ke ji shi ne kada ta fesa komai a wurin, ta bar takarda ta yi aikinta. Launuka masu haske ma haka suke samuwa. Ruwan hoda ba wata tawada ba ce ta daban, 'yan ɗigon ja ne a warwatse, farin takarda yana leƙowa tsakaninsu, ido ya haɗa su. Ka cire farin, sai ɗigon kaɗai su rage. Bugu da ƙari, ita kanta tawadar haske na ratsa ta, kamar gilashi mai launi take. A kan farar takarda haske yana ratsa ta ya bugi farin ya dawo wa idonka da launin. A kan baƙin maɓalli kuwa hasken ya shiga ke nan, babu abin da zai dawo da shi. Manyan wuraren ɗab'i suna da injina masu farar tawada, su fara shimfiɗa fari sannan su hau da launi. Shi ya sa sitikar garau da kake gani a jikin kayan kamfani take fitowa ram ko a kan baƙar kwalba, ta gida kuma ta kasa.

Daga ranar na daina fara aiki daga kwamfuta, na koma farawa daga kwalbar. Abin da ke cikinta shi ne takardata. Na jera su ashirin da huɗu a kan tebur, na ɗauki shafin da ya lalace na mai da shi ma'auni. Na buga wani shafin gwaji mai layukan launuka daban-daban, daga mai haske zuwa mai duhu, da rubutu siriri da mai kauri, na ɓare shi na manna a kan wata leda mai tauri. Ina ɗora shi gaban kowace kwalba ina kallo daga nisan da ƙanwata take zama in tana ɗinki. Gani ya kori ji. Baƙi, shuɗi mai duhu, kore mai duhu da ja jawur sun tsaya da ƙafarsu a kan allurai da fil da fararen duwatsu. Rawaya da ruwan toka da duk wani launi mai sanyi sun narke. Siririn rubutu, kowane launi ne, ya ɓace cikin tarkacen da ke baya. Na cire furen gaba ɗaya, duk da ina son ta, na cire zoben, na ƙara wa haruffa kauri da girma.

Kwalabe biyar ne suka ƙi: na baƙaƙen maɓallai, na shuɗayen duwatsu da makamantansu. Babu launin da ya fito a kansu. Na ba ta zaɓi biyu, ko a ɗaga sitikar sama kusa da murfi inda kayan ba su kai ba, ko a sa mata fari a ƙasa. Ta zaɓi na biyu. Na yanko farar ledar sitika mai siffar ƙwai, na manna ta farko, sannan garau ɗin ya hau kanta. Ba abin da ta roƙa tun farko ba ne, amma a jere da sauran sun ba kantar wani tsari mai kyau.

Bugun kansa ya koya min haƙuri. Shafi na biyu na ɗauke shi yana fitowa, babban yatsana ya sauka kan kalmar "Allurai", ta shafe har zuwa gefe. Leda ba ta shan tawada da sauri kamar takarda. Tun daga nan nake riƙe shafi ta gefe kawai, in shimfiɗa shi a wuri mai tsabta, ba na ɗora wani a kansa. Bayan kamar rabin awa yakan bushe a taɓa, amma ni kwana nake ba shi kafin in rufe shi da wani abu. A saitin firinta na zaɓi takardar hoto mai sheƙi da inganci mafi girma. Na riƙa saka shafi ɗaya-ɗaya ta ƙofar baya, inda takarda ke wucewa ba tare da lanƙwasa sosai ba. Akwai wasu 'yan ƙafafu masu tsini a bakin fitar firinta da ke riƙe takarda. In tawada ta yi yawa sukan bar layin ɗigo-ɗigo a kan wuri mai duhu. Na ga haka a shafi na uku, sai na rage faɗin wuraren da aka cika da launi, layin ya daina fitowa. Kuma kullum nakan duba cewa girman bugu yana kan ɗari bisa ɗari. In ka bar manhaja ta daidaita shafin da kanta, takan rage shi kaɗan, ido ba zai gani ba, amma reza za ta gani. Gwajin wuri da girma duk a takardar banza nake yin sa, in ɗora ta kan ledar in ɗaga wajen haske.

Sai na ɗiga ruwa a kan wata da ta kwana, na goge da yatsa. Shuɗin ya bi ruwan. Tawadar firintata irin ta rini ce, mai narkewa cikin ruwa, launinta na da kyau amma ruwa da rana suna cin ta. Akwai wata irin mai ƙwayoyin launi wadda ta fi jure duka biyun. Tunda kwalaben za a riƙa gogewa, dole a rufe bugun. Na samo ledar laminetin mai sanyi, wadda ke da gam ɗinta, ba ta buƙatar injin zafi. Yadda na fi jin daɗin ɗora ta shi ne in ɓare santimita biyu kawai na takardar bayanta, in daidaita a saman shafin in manna, sannan hannu ɗaya yana jan takardar baya sannu a hankali, ɗayan yana bi da tsohon katin roba da na naɗe da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba a nan. A farar sitika silin zare ɗaya yana iya ɓuya, a garau kuwa duk wanda ya ɗaga kwalbar zai gan shi. A ɗakin ɗinki, inda burbushin yadi ke yawo a iska, ba a yin wannan aiki. Na koma wani ɗakin, na kashe fanka, na goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Da na gama na ga wani hazo-hazo a kan wuraren duhu, raina ya ɓaci, na zaci shafin ya tafi. Ashe ƙananan ƙwayoyin iska ne da gam bai gama kwanciya a kansu ba. Na danne shafin da littattafai, bayan kwana biyu hazon ya washe.

Yanka ya zo. Injinan yanka na gida, irin su Cricut da Silhouette Cameo, tsarinsu kusan ɗaya ne. Manhajar injin tana ƙara wasu baƙaƙen alamomi a kusurwoyin shafi lokacin bugu. Ka manna shafin a kan shimfiɗar yanka mai danƙo, injin ya haska 'yar fitila ya nemo alamomin, da su yake sanin inda zane yake, sannan reza ta bi layi. Wanda na ara ya yi ta kai da komo a kan kusurwa, ya tsaya, ya ce bai ga alama ba. Sau huɗu haka. Laifin ba na injin ba ne, ƙyallin leda ne, ga laminetin a kai ya ƙara masa sheƙi, hasken yana komawa idon injin ya makantar da shi. Na yanko salatif marar sheƙi, irin wanda biro ke kamawa a kansa, na rufe kowace alama da shi, na kashe fitilar da ke saman tebur. A karo na biyar ya karanta su nan take. A shafukan baya sai na riƙa yanke laminetin ya tsaya cikin iyakar zane, kada ya hau alamomin tun farko.

Yanka iri biyu ne. Akwai na sama-sama, wanda reza ke ratsa leda ta tsaya ba ta taɓa takardar baya ba, sitikun su zauna a shafinsu kana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wanda ke ratsawa har ƙasa, kowace ta fita da bayanta. Na sama-sama nake so, kuma shi ya fi wuyar saiti, don tsakanin "bai yanke ba" da "ya zarce" kaurin takarda ɗaya ne. Saitin da manhaja ta bayar na leda hawa ɗaya ne, ni kuwa tawa ta zama hawa biyu. Na yi ta gwaji a gefen shafi da wani ƙaramin murabba'i, ina ƙara nauyin reza kaɗan-kaɗan, har ya ɗago cikin sauƙi, takardar baya kuma ta nuna ɗan layi kawai ba tare da ta huje ba. Na rubuta lambobin a bayan kwalin ledar. Abu ɗaya da na koya a makare: kada ka zare shimfiɗar daga injin sai ka sa farce ka gwada kusurwa. In bai yanke ba, kana iya cewa ya maimaita a kan layin. In ka riga ka zare, ba lallai ya sake dacewa ba.

A nan ne garau ta biya ni wahalar da ta ba ni. Na bar tazarar milimita biyu tsakanin rubutu da layin yanka, kuma tunda gefen ba shi da launi, in reza ta kauce da rabin milimita babu mai lura. Farar sitika ba ta yafe wannan. Saboda haka wanda ba shi da injin kada ya karaya. Shafi guda na yanke shi da hannu don in gwada, da rular ƙarfe da sabuwar reza, kusurwoyin kuma da ƙaramin almakashi, ina juya ledar ba almakashin ba. Bayan an manna, ita kanta ƙanwata ba ta iya ware na hannu daga na injin ba. Kusurwa dai a zagaye ta, domin mai tsini ita ke fara ɗagowa, da ta ɗago ƙura ta shiga, sai baƙin layi ya fito a gefen sitikar da ya kamata a ce ba a ganin gefenta.

Ranar mannawa muka juye kayan, muka wanke kwalaben, muka goge sauran gam ɗin tsohon salatif da sifirit, muka bar su suka bushe sarai. Ba a taɓa gam ɗin sitikar da yatsa, don zanen yatsan zai zauna a ciki har abada, ana kallonsa ta gilashi. Da bakin reza nake ɗago ta. Kwalba kuma tunda zagayayya ce, na kwantar da ita a kan naɗaɗɗen tawul kada ta mirgina, na fara manna tsakiyar sitikar, sannan na kwantar da dama, na kwantar da hagu. Don su zo layi ɗaya, na yanki wani kwali na mai da shi ma'aunin tsayi daga gindin kwalba. Kumfar iska biyu da suka maƙale na huda su da tsinin allura na matse. Na ce mata kada ruwa ya taɓa su sai bayan kwana uku, saboda irin wannan gam ɗin a hankali yake gama kamawa.

Da kantar ta cika ƙanwata ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta ce, "Yaya, saura ƙofa." Ƙofar ɗakin ɗinkin tana da gilashi, tana son a rubuta lokutan buɗewa da rufewa, amma ta ciki, inda ruwan sama da hannun yara ba za su kai ba. Sitikar da za a manna ta ciki a karanta ta waje, ta ɓangaren gam ake kallonta, don haka a juye ake buga ta kamar a madubi. Wannan na sani. Abin da na tsaya tunani a kai shi ne bayanta: da rana cikin ɗaki ya fi waje duhu, wato baƙaƙen maɓallan nan ne suka dawo da wata siffa. Sai na ga ai a wannan karon jerin ya juye, gilashi ne a gaba, sai gam, sai leda, sai tawada, farin kuma a can ƙarshe ya kamata ya zo. Maimakon laminetin garau, na rufe bugun da farar ledar sitika, ta zama kariya ta kuma zama farin da firinta ba ta da shi. Na yanke su tare da rula da reza, na manna ta ciki.

Daga inda nake tsaye a ɗakin farin murabba'i kawai nake gani. Ta fita ta ja ƙofar, ta yi baya taku biyar, ta karanto min lokutan ɗaya bayan ɗaya ta bayan gilashi. Har furen da na cire daga kwalabe na mayar a kusurwar wannan, da ruwan hodarta da farin tsakiyarta, kuma ita ta fara nunawa da yatsa.